Daga Managil Zuwa Mai Wurno: Ziyarar Da Ake Bin Mu Bashi

Kalmar Jazira a Larabci tsibiri take nufi. Ashe mu mutanen tsibiri ne, ko da yake ba teku ce ta kewaye mu ba. Farin Nilu ne ta yamma, Shuɗin Nilu ta gabas, har su haɗu a Khartum. A tsibiran ƙasar Girka, irin su Kirit, mafi yawan baƙi a bakin teku suke yada zango, su sha iska su koma gida. Masu neman sanin ƙasa kuwa sukan kutsa ƙauyukan cikin duwatsu, su tsaya a kangon fadar Konosos. Mu a namu tsibirin ko bakin ruwan ba mu ƙure ba. Saurayi zai tashi a Managil ya san hanyar Madani, ya san ta Khartum, wataƙila har ta Jidda, amma ka tambaye shi ko ya taɓa taka Mai Wurno, sai ya sunkuyar da kai.

Ra'ayina shi ne wannan ziyara ta zama wajibi a kanmu, ba don shaƙatawa ba. A Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin, kalmar da aka fi jifan Hausawa da ita ita ce baƙi, marasa ƙasa. Wanda aka kira baƙo, idan bai san ranar da kakansa ya sauka ba, bai san inda kabarinsa yake ba, da me zai amsa?

A fara da Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu. Asalin garin yana Burmi, can ƙasar Gombe, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ranar 27 ga Yuli, 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, suka ratsa ƙasar Cadi da Darfur da Kurdufan a ƙafa da kan jakuna, har suka iso Nilu wajen 1906. Da farko Shehu Talha suka sauka, garin wani malamin Fulani da ya riga su zama a gaɓar gabas, daga baya suka haye ruwa suka kafa nasu. Sunan da kansa wasiƙa ce daga gida, domin Wurno ita ce ribaɗin Sarkin Musulmi Bello kusa da Sakkwato, kuma can kabarinsa yake. Har yau zuriyar Mai Wurno ke riƙe da sarautar garin. Wani Bature mai suna Mark Duffield ya zauna cikinsu ya fitar da littafi sukutum a kansu a 1981. Shi ya keto teku ya zo. Mu da mota za ta kai mu cikin yini guda, sai labari muke ji.

Kafin Mai Wurno akwai Sinnar, kuma kada a wuce ta da gudu. Nan ne Amara Dunƙas ya kafa daular Funj a 1504, ta yi mulki har sojojin Muhammadu Ali Basha suka rushe ta a 1821. Abin da ya rage na tsohon birnin tsibin ƙasa ne da fasassun tubala, ba zai cika idon mai son hoto ba. Madatsar ruwan da aka gama a 1925 ita ce ta fi taɓa rayuwarmu. Daga gare ta ruwa ke bin tur'a zuwa kowace hawasha, kuma saboda audugarta ne dubban mahajjata daga ƙasar Hausa suka tsaya neman guzuri, wasu Makka ta kira su, wasu ƙasa ta riƙe su. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, hannayen nan dai su suka yi cira, suka tsinci auduga.

Shi ya sa nake ganin kambo ma wurin tarihi ne. Na san wasu za su yi dariya: wane tarihi ke cikin bukkokin leburori a gefen tur'a, inda da yawa ba makaranta ba asibiti? To, a nan ne tsohuwar da ta san sunan garin da uwarta ta baro, Kazaure ko Damagaram, take zaune. Kubbobin Abu Haraz za su jira mu shekara hamsin. Ita ba za ta jira ba.

Mai sauran ƙarfi ya karkata yamma da Sinnar zuwa Jabal Moya, inda Henry Wellcome ya sa aka tono kaburbura kusan dubu uku tsakanin 1910 da 1914, ya bar gidansa na manyan duwatsu a wurin. Waɗancan ba kakanninmu ba ne, amma ƙasar da suka kwanta a ciki ita muke nomawa, kuma ɗan ƙasa ba ya zaɓen wane tarihinta zai sani.

Za a ce yanzu ba lokacin yawo ba ne, kuma maganar tana da nauyi. Madani ta faɗi a Disambar 2023, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairun 2025. An gwabza a Jabal Moya kanta. Managil ta cika da masu gudun hijira, aljihu ya bushe. Ban ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Amma yaƙin nan ne ya nuna mana yadda abin tarihi ke salwanta, tunda har gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Khartum bai tsira daga wawaso ba. Idan abin da ke cikin gini mai gadi ya tafi, ina ga takardar ajami da ke cikin gafakar malami a halwar ƙauye?

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙungiyar samari ɗaya ba: kuɗin mota, waya mai caji, da ladabin zama gaban dattijo. A tambaye shi daga ina aka taso, ta wace hanya, wa ya mutu a hanya, wace shekara aka haƙa rijiyar farko. A ɗauki muryarsa da Hausarsa yadda take, a ɗauki hoton takardun ba tare da an raba su da masu su ba, a aje kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wanda hanyar Sinnar ta yi wa nisa a bana, ya fara da kambon da ke bayan hawashar da yake nomawa.