Masu Raɗa wa Rama Suna

A ƙasar Hausa babu ciwon da ya tara likitoci kamar rama. Da zarar magidanci ya fara zubewa, wuyan riga ya yi masa yawa, kasala ta hana shi noma ko tsayuwa gaban allo, sai unguwa duka ta koma asibiti. Tsohuwar gida ta ce shawara ce. Abokan fada su ce basir ne ya ci shi. Dangi su ce sammu ne, har a nuna kishiya ko abokin hamayya. Kowa ya raɗa wa ciwon suna, amma babu wanda ya ɗora majiyyacin a kan ma'auni. Wannan ɗabi'a ta cancanci suka, domin tana cinye watannin da ake iya ceton mutum a cikinsu.

Ga masana lafiya, rama da gajiya alamu ne kawai, kamar hayaƙin da ke nuna akwai wuta a wani ɗaki. Suna da ƙa'ida bayyananniya: wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a tsakanin wata 6 zuwa 12, ba tare da ya rage ci da gangan ba, yana bukatar bincike. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan kacal. Abubuwan da ke iya ɓoyewa a bayan wannan ragin suna da yawa. Akwai tarin fuka, mai zuwa da tarin da ya wuce mako 2 da zufar dare. Akwai ciwon sukari, wanda mai shi ke ci yana ramewa, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Akwai ƙarancin jini, tsutsar ciki, ciwon hanta, ciwon daji, da sida. Akwai ciwon maƙoƙo mai sa zuciya bugu da sauri da jin zafi kullum. Har baƙin cikin da ya zauna a zuciya yana hana ci da barci. Ido ba ya rarrabe waɗannan. Sai awo.

Mai laifi na farko shi ne bakin mutane. Hausa ta kira sida da sunan ƙanjamau, daga ƙanjamewa, wato bushewa da rama. Tun da aka ɗaura sunan a kan alamar, duk wanda ya rame ya zama abin zargi. Alhali binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2006 ya nuna kashi 0,7 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, a 2012 kuma adadin ya sauka zuwa 0,4. Ke nan mafi yawan ramammun da ake yi wa raɗa a bayan zana wani ciwo ne daban ke cin su. Tsegumin ya yi ɓarna biyu. Mai sida na gaske ya ɓuya, ya ƙi zuwa karɓar maganin da ake bayarwa kyauta, wanda ke maido da ƙarfi da tsoka. Mai tarin fuka kuma ya ƙi kai majinarsa a duba don kada a gan shi a ƙofar likita, ya zauna a ɗaki ɗaya da matarsa da ƴaƴansa yana tari. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1,25 wannan cuta ta kashe a 2023, cutar da Robert Koch ya gano ƙwayarta tun 1882, cutar da ke warkewa da maganin wata 6.

Mai laifi na biyu shi ne ɗan tallar magani, wanda ke yawo da tire a tashar mota da kasuwannin ƙauye. Bai taɓa cewa bai sani ba. Ga mai rama yana da maganin ƙiba, irin wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Sau da yawa abin da ke ciki shi ne dexaméthasone, ko cyproheptadine mai buɗe ciki da sa gyangyaɗi. Na farkon yana kumbura fuska, har dangi su yi ta barka cewa jiki ya dawo. A ƙarƙashin kumburin kuwa yana hau da sukarin jini, yana raunana garkuwar jiki. Idan mai ciwon sukari ko mai tarin fuka ne ya sha, an zuba wa wuta kananzir ke nan. An ɓoye alamar da za ta kai shi ga likita, an ƙara wa cutar ƙarfi, kuma da kuɗinsa.

Ma'aikacin lafiya ma yana da nasa kason. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, bayan bincike a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka bayyana na gajeriyar ganawa da rashin sauraron talaka ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa bin layi. Majiyyaci ya ce jikinsa ya mutu, kafin ya rufe baki an rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini. Ba a auna nauyinsa ba, ba a tambaye shi tun yaushe ba. Ga kuma katangar harshe: an horar da likita da Faransanci, majiyyaci yana jin ciwonsa da Hausa. Idan ya ce zafi ne ke damunsa, yana nufin wani ciwo sananne a al'adarsa, mai rubutu kuwa ya ɗauka zazzaɓi. Wanda ya koma gida sau 3 da takardar magani iri ɗaya, ba abin mamaki ba ne in ya juya wajen boka, domin boka aƙalla yana zaunar da shi ya ji ta bakinsa.

Za a ce talauci ne. Gaskiya ne cewa kyautar magani da aka kafa a Nijar a 2006 ta fi shafar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu, magidanci kuwa da aljihunsa yake zuwa. Gaskiya ne kuma cewa mutumin ƙauyen Dakwaro ko na Tanut sai ya biya mota kafin ya isa babban asibitin Maraɗi ko na Damagaram. Amma a yi lissafi. Akuyar da aka sayar don karya sammu, da jikkunan da suka tafi a jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin tire cikin wata 6, sun ninka kuɗin awon farko. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa yana nuna sukari cikin minti guda: idan awon safe kafin karin kumallo ya kai giram 1,26 a lita, kuma aka maimaita aka sami haka, an gano ciwon. Na'urar GeneXpert, da aka amince da ita tun 2010, tana gano tarin fuka a cikin majina cikin kamar awa 2, maganinsa kuma kyauta ne. Addu'a da rubutun sha ba su hana kowa miƙa yatsa a ɗebi jini.

Ƙasar nan ta riga ta nuna cewa tana iya awo. Bayan yunwar 2005, zaren awon dantse ya shiga ƙauyuka. A yankin Mirriya an koya wa iyaye mata, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, su auna dantsen ƴaƴansu da kansu: in ya kasa milimita 115, zaren ya nuna ja, a garzaya gidan likita. Abin kunya ne a ce ramar yaro ana auna ta da zare, ramar ubansa kuma har yanzu da harshen maƙwabta ake auna ta.

Nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Darasin lissafi a kan kashi cikin 100 yana iya ɗaukar nauyin mutum a matsayin misali. Darasin Hausa yana iya koya wa ɗalibi yadda zai faɗi ciwon mahaifiyarsa dalla-dalla: yaushe ya fara, akwai tari ko babu, yaya cin abinci, yaya fitsari da bayan gida, wane magani aka riga aka sha. Masu wasan kwaikwayo da gidajen rediyon karkara, waɗanda suka daɗe suna sa mutane dariya da ramamme, su juya dariyar kan mai raɗa suna. Majiyyaci kuma ya san haƙƙinsa: a auna shi, a rubuta kilonsa da kwanan wata a katinsa, a gaya masa sunan awon da aka yi da sakamakonsa cikin harshen da yake ji, in ba a gano komai ba a sa masa ranar dawowa ko a tura shi gaba.

Wani lokaci bincike na farko ba ya nuna komai, sai an bi mutum wata da watanni. Wannan ba gazawa ba ce. Likitan da ya ce a dawo bayan wata guda a sake awo ya fi maƙwabta goma masu amsa a bakinsu amfani. Hausawa da kansu suka ce gani ya kori ji. Ya rage su yi aiki da karin maganarsu ranar da ɗan'uwa ya fara ramewa.