Tsohuwar motar gudu mai shan isansi: a auna kafin a kwance

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a garajojin ƙasar nan, tun daga Yamai har Damagaram. Da zarar mai mota ya ce motarsa ta cika shan isansi, sai makanike ya ɗauko sukudireba ya nufi karbureta, tun bai tambayi lita nawa ta sha ba, kuma cikin tafiyar kilomita nawa. Wannan al'ada ta ci kuɗin mutane da yawa, ta kuma kashe injin da bai kai mutuwa ba. Ɓarnar ta fi yawa ga tsofaffin motocin gudu, waɗanda kayansu ke da wuyar samu, masu sanin cikinsu kuma ba su da yawa.

A ɗauki misalin Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda Faransawa ke kira kufe. Kowa ya san babbar ƴar'uwarta mai ƙofa huɗu, wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, ta kuma cika hanyoyin ƙasar Hausa shekara da shekaru. Ita mai ƙofa biyun ta fito cikin 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, an daina ƙera ta cikin 1983. A ƙarshen 1974 aka sa mata babban inji mai silinda 6, da irinsa Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da tseren Bandama na ƙasar Kodibuwa, duka cikin 1978. Amma injin ya zo bayan tsadar mai ta 1973, masu saye suka yi ta kukan yawan shansa, har cikin 1977 kamfanin ya maido da ƙaramin inji mai silinda 4 da ya janye. Ke nan tun tana sabuwa wannan mota ba mai tsimi ba ce. Wanda ya saye ta yana son ta sha abin da ƙaramar motar zamani ke sha ya yaudari kansa, kuma babu makaniken da zai iya yi masa magani. Doki mai gudu ba ya cin abincin jaki. Abin tambaya shi ne: tana shan abin da aka ƙera ta ta sha, ko ta zarce?

Amsar tana ga awo, awon kuwa ba ya buƙatar komai sai alƙalami da takarda. A cika tanki har baki, a rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna. A yi tafiya, a sake cikawa har baki, a rubuta lita nawa suka shiga. Sai a ninka litocin sau 100, a raba da kilomitocin da aka yi. Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai kimanin kilomita 240. In an sake zuba lita 30, motar na shan lita 12 da rabi ga kowane kilomita 100. In kuwa lita 45 aka zuba, ta kusa 19, akwai ciwo ke nan. Duk wanda ya koyi ninkawa da rabawa a ajin yaƙi da jahilci yana iya wannan lissafi, kuma ya kamata a yi shi sau biyu ko uku, domin tafiya guda da iska a gaba ko kaya a baya ba ta isa shaida ba. Allurar tanki ba abar dogaro ba ce ga motar da ta haura shekara 40. Shi kansa agogon kilomita yakan yi ƙarya: in an sa wa mota tayoyin da suka fi nata na asali girma, zai ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, sai a ga kamar shan ya ƙaru alhali bai ƙaru ba. Duwatsun kilomita na bakin hanya sun isa a gane gaskiyarsa.

In awo ya tabbatar da ciwo, har yanzu lokacin karbureta bai yi ba. Sau da yawa isansin ba ƙonewa yake ba, zuba yake. Tiyon roba da ya daɗe cikin zafin ƙasar nan yakan bushe ya tsattsage, tanki yakan yi tsatsa. A ajiye mota bisa busasshiyar ƙasa ta kwana, da safe a duba ƙarƙashinta, a sansana. Wannan ya wuce batun kuɗi, domin ɗigon isansi kusa da salansa mai zafi gobara ce ke jiran ranarta. A motocin da famfon isansinsu ke manne da inji, in fatar cikin famfon ta huje, isansi na gangarawa cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ya yi ruwa-ruwa, yana warin isansi. Injin da ke aiki da irin wannan mai ba ya daɗewa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska da burkin da ke riƙewa su ma suna cin rabonsu. Bayan tafiya, ƙafar da ta fi sauran zafi ita ce burkinta bai saki ba.

Sa'an nan a koma ga iska. Kafin kilo guda na isansi ya ƙone sarai, yana buƙatar kusan kilo 15 na iska, watau kowace lita na son fiye da lita 9,000 na iska. Duk wannan iska ta matata take bi, a ƙasar da hunturu ke tayar da ƙura wata da watanni. In matatar ta toshe, injin mai karbureta yana ja da ƙarfi, iskar ta gaza, sai isansi ya yi yawa. Maganin da wasu ke yi, su cire matatar su yar, ya fi ciwon muni, domin rairayin da ya shiga inji yana cinye zobban fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Akwai wani kuskure da ya zama kamar doka a garajoji, ya kuma cancanci a tsaya kansa. Cikin hanyar ruwan inji akwai ƴar ƙofa mai suna tarmosta, wadda ke rufe har sai ruwa ya kai zafin kimanin digiri 80, sa'an nan ta buɗe. Makanikai da yawa na cire ta tun ranar da mota ta shigo hannunsu, suna cewa an yi ta ne domin sanyin Turai. Hujjar na da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. An ƙera inji ya yi aiki da zafinsa, kuma muddin yana da sanyi, ana ƙara masa isansi da gangan domin kada ya mutu. A 504 mai silinda 4, wadda ke aiki da famfon feshi na Kugelfischer, zafin ruwa ne ke gaya wa famfon ya daina wannan ƙari. In babu tarmosta, da safiyar hunturu ruwan na daɗewa bai yi zafi ba, mota ta yi ta sha kamar yanzu aka tayar da ita, ma'aikaci ya kai ofis ya dawo inji bai kai zafinsa ba. Makanikai suna da uzurinsu, domin sun sha ganin injin da ya tafasa a watan Afrilu. Amma mai tafasa inji shi ne radiyata da ta toshe, ko bel da ya saki, ko tarmostar da ta lalace ta maƙale. Wadda ta lalace sabuwa take so a maimakonta.

Wuta ke biye. A kwance buji a duba bakinsu, domin su ne shaidun abin da ke faruwa cikin inji. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ce. Mai baƙin toka busasshe, isansi ya yi yawa. Mai baƙi da maiƙo, baƙin mai ne ke haurawa. Fari fat kuwa, isansi ya yi kaɗan. Hayaƙin salansa ma haka yake magana: baƙi na isansi ne, shuɗi na baƙin mai. In buji guda ba ya ba da wuta, rabon silindarsa na fita ta salansa ɗanye. In kuma delko bai daidaita ba, wuta na zuwa a makare, inji ya rasa ƙarfi, direba ya ƙara taka totur domin ya rama. Akwai ma wani siririn tiyo da ke zuwa jikin delko yana gaggauta wuta lokacin da mota ke tafiya a hankali bisa hanya. In ya huje ba a jin ƙara, ba a ganin hayaƙi, sai dai aljihu ya ji.

Bayan duk wannan ne karbureta ke da haƙƙin a taɓa shi, kuma ko a nan sukurun da makanike ke gaggawar murɗawa ba ya iko sai da lokacin da inji ke aiki mota na tsaye. Ciwon gaske yana ga ƙofar iskar da ake rufewa lokacin tayarwa in ta ƙi buɗewa duka, ko ga ƴar kwalbar da ke yawo bisa isansi in ta huje ta nutse, ko ga ƴan ramukan da mai ke bi in wani ya taɓa soka musu waya ya faɗaɗa su. Mai silinda 6 ta farko karbureta biyu gare ta, na kamfanin Solex, daidaita su kuwa ba aikin kunne kaɗai ba ne. Famfon Kugelfischer ya fi haka tsanani: wanda bai koye shi ba ya bar shi yadda ya gan shi. Makaniken da ya shaƙe isansi domin ya faranta wa mai mota rai ya sa inji na ƙuna da zafin da ya wuce kima, ƙarshensa bawul ya ƙone ko fistan ya huje, a motar da sai an aika Turai kafin a samu kayanta.

Ba za a ɗora wa makanikai laifin duka ba. Mai mota da ke zuwa garaji ba shi da ko lamba guda a rubuce, yana son a gama kafin azahar, shi ne ke tura su ga sukudireba. Haka wanda ke zuba isansin kwalba na bakin hanya, bai san abin da aka gauraya ciki ba. Shugabannin ma'aikatu da ke riƙe da motocin gwamnati su ma maganar ta shafe su, ko da motocin nasu ba na gudu ba ne: littafin da ake rubuta kilomita da lita a kowace zubawa shi ke bambanta injin da ke ciwo da tankin da ake tsotsa da dare.

In an bi duk waɗannan matakai shan bai ragu ba, sai a auna matsin kowace silinda da ma'auninsa. In matsin ya faɗi, zobba ko bawul sun cinye, aikin ya zama na buɗe inji, kuma mai mota ya cancanci a gaya masa kuɗinsa tun kafin a kwance kusa ta farko.