Bashin Soja Ba Ya Bin Mai Shi Kabari

Jama'a, ku ba ni kunne in gaya muku wata magana da aka kai gaban Majalisar Amurka. Nesa take da mu, amma duk mai zama a kasuwa zai gane kanta, gama maganar bashi ce.

A shekarar 1944, ana tsakiyar yaƙin Hitila, wanda iyayenmu ma suka sha wuyarsa a Boma, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan wata doka saboda sojan ƙasarsa. Dokar ta ce sojan da aka sallama, in yana son karatu, gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, a kuma ba shi dala 50 ta abinci kowane wata, mai iyali kuwa dala 75. Kafin 1956 'yan mazan jiya wajen miliyan takwas sun yi karatu ko sun koyi sana'a da wannan kuɗi. Ɗan talaka ya zama likita, ɗan lebura ya zama injiniya.

A takarda dokar ba ta ware baƙi da fari ba. To, ina aka yi ɓarnar? Wani wakili daga jihar Misisifi, John Rankin, shi ne shugaban kwamitin 'yan mazan jiya a Majalisar Wakilai. Ya tsaya kai da fata sai an bar aikin dokar a hannun jihohi da ƙananan ma'aikatansu. Ashe kura aka ba ajiyar nama. Baƙar fata fiye da miliyan ɗaya sun yi soja a yaƙin nan. Da suka komo, manyan makarantun jihohin kudu ba su karɓar baƙi. 'Yan makarantun da aka keɓe musu suka cika maƙil, aka mai da dubbai gida. Wanda ya je ofis neman shawara, sai a karkata shi ga ƙaramar sana'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Don a gyara wannan ne wakilai biyu, James Clyburn da Seth Moulton, suka kawo shirin doka a shekarar 2021. Suna so a ba matan waɗannan sojoji da 'ya'yansu da jikokinsu taimakon karatu da lamunin sayen gida, irin wanda aka hana iyayen. Shirin yana ɗauke da sunan Saje Isaac Woodard, wanda 'yan sanda suka makantar da shi da duka a jihar Karolina ta Kudu a 1946, yana sanye da kakinsa, bai ko isa gida ba. An sake kawo shirin a 2023, bai wuce ba.

Masu ƙi suna cewa kuɗin da yawa, kuma masu hakkin galibi sun riga mu gidan gaskiya, don me za a biya jika? Mu kuwa muna tambayarsu: a wace kasuwa mutuwar mai bin bashi ke wanke wanda ake bi? Magada su ke karɓa. Baturen da ya yi karatu da kuɗin nan ya sami aiki, ya sayi gida, ya sa 'ya'yansa makaranta, ribar ta bi zuriyarsa. Hakanan hasarar baƙin soja ta bi tasa zuriyar. Kuma ba sabon abu ake nema ba, don dokar 2008 ta riga ta yarda soja ya juya hakkin karatunsa ga matarsa ko 'ya'yansa, in ya cika sharuɗɗan aiki. Batun yawan kuɗi kuwa, ranar da aka tura su bakin daga ba wanda ya ce jirgi da harsashi sun yi tsada.

Ra'ayinmu shi ne Majalisa ta zartar da shirin, amma kada ta sake damƙa rabon ga wanda ba mai binciken aikinsa. A rubuta hanyar ƙara a cikin dokar, a riƙa bayyana wa jama'a ko su wa suka nema, su wa suka samu. Ku ma 'yan'uwa, duk ran da aka karanta muku doka mai daɗin ji, kafin ku yi tafi ku tambaya: a hannun wa za a bar mabuɗin?

Allah ya ba mai hakki hakkinsa, amin.