Wasiƙa a Buɗe ga Kafintocin Samaru da Sabon Gari: Ku Bar wa Iska Hanya



Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da zarto da guduma, tun daga rumfunan Sabon Gari har zuwa waɗanda ke jere a bakin titin Sakkwato a Samaru. Ina gaishe ku, ina yi muku sannu da aiki.

Yabon gwani ya zama dole. Kun fi mu kayan aiki, kun fi mu sauri, gadon da muke kai mako muna fama da shi ku kwana 2 ya ishe ku. Kwanakin baya na shafa wani sif a kasuwar Sabon Gari, aikin wani matashi da bai kai shekara 30 ba, na buɗe na rufe, ban sami inda ya cije ba. Allah Ya ƙara basira. Da zuciya ɗaya na faɗi wannan, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, na je Hayin Dogo duba jikana da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ɗakin asalinsa guda ne, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, da taga 1. An raba shi biyu da filawud don a sami kuɗin haya biyu. Tagar ta faɗa ɓangaren maƙwabci, fanka ma can ta faɗa. Ƙarfe 2 na rana ne, amma sai da yaron ya kunna fitilar waya kafin na ga fuskarsa. Katifa sharkaf da gumi, warin gam da na kananzir sun cika wurin, na yi minti kaɗan na ji numfashina yana yin sama-sama. Da na ɗaga kai sai na ga abin da ya hana ni barci a daren nan. Falle ɗaya na filawud ƙafa 8 ne tsawonsa, kowa ya sani. Silin ɗakin ya fi haka da kamar ƙafa 1 da rabi. Wato allon da kansa ya tsaya ya bar sarari a sama. Sai kafintan ya koma ya yanko wani ƙyalle, ya auna shi daidai, ya cike wannan sarari, ya bi haɗin da siririn katako, ya shafe da fenti. Aiki tsaf, babu makusa a hannu. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da a ce ɗan koyo ne ya yi, da na ce rashin sani ne. Ƙwararre ne ya zauna ya ɓata katako da ƙusa da lokacinsa don ya toshe hanya guda ɗaya tak da ta rage wa ɗan mutane ya sha iska.

Kada a ɗauka ina ƙin raba ɗaki. Wa zai ƙi? Sabon Gari tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 garin 'yan haya ne, mutum da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda, in ya sami hali ciki da falo. Samaru kuwa, da can wurin gonakin gwaji ne, tun da aka buɗe jami'a a 1962 take cika tana batsewa, ɗalibi bisa ɗalibi. Kuma mu mutane ne masu kunya. Suratun Nur, aya ta 58, ta ambaci lokuta 3 da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya, malamai kuma kullum suna tuna mana a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10. Magidancin da ya zo rumfarka ya ce a raba masa ɗaki, sutura ya zo nema. To amma me ake tarewa idan ana neman sutura? Ido ake tarewa. Ido kuwa iyakarsa tsayin mai shi. Ƙafa 6 da rabi ta tare idon kowane dogo a garin nan. Abin da ya haura wannan ba ido kake tarewa ba, iska kake tarewa da haske.

Maigidana da ya koya mini sana'a a Sabon Gari, Allah Ya jiƙansa da rahama, in an kira shi raba ɗaki ba ya fara ciro ma'auni. Sai ya tsaya tsakar ɗaki shiru, ya sa a buɗe taga da ƙofa, ya lura ta ina iska ke shigowa, ta ina take fita. Ya tambayi mai ɗakin ina yake shimfiɗa, ina alƙibla, ina uwar gida ke ajiye risho. Wani lokaci sai mu koma rumfa ba mu buga ko ƙusa ɗaya ba, don ya ce wa mutumin ya juya sif ɗinsa ya ba gado baya, ya ɗaura labule a ragowar wurin, buƙata ta biya. A lokacin ina yaro haushi nake ji, ina ganin mun yi asarar kuɗin cefane. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa har ya bar duniya ba a daina sallama a ƙofarsa ba.

Shi ma ba daga sama ya samo ba. Ku shiga birni ku dubi kowane tsohon gida. Ƙofar zaure da ƙofar shiga shigifa ba sa kallon juna, an karkatar da su. Baƙo yana zaune a zaure, ƙofa a buɗe, iska na wucewa, amma ba ya hango kowa a cikin gida. Babu ƙyaure a rufe, babu kwaɗo, dabara ce kawai ta inda aka aje ƙofa. Ku je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. An lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, amma tsohon aikin yana ciki. Ku tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan ku duba. Kowane sashe daban yake, kana ji a jikinka ka bar wannan ka shiga wancan, alhali ginshiƙai ne da baka suka raba su, sahu yana miƙe, muryar liman tana kaiwa ko'ina. Da ƙasa da azara Babban Gwani ya yi wannan. Har daga ƙasar Folan wani masanin gine-gine, Dmochowski, ya zo ya auna masallacin nan ya zana shi. Mu da muke iya zuwa da kuɗin Keke Napep, nawa ne cikinmu suka taɓa shiga da idon mai sana'a?

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta: mai gida ne ya ce a kai har silin. To, in mai gida ya ce ka yi masa rufi babu ƙusa, za ka yi? Shi kuɗi yake da shi, kai ke da sani. Wanda ya san abu zai cuci mutane ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ba zai ce hannunsa ba ya ciki ba. Wasu su ce don kada a riƙa jin maganar juna ne. Wannan kuma yaudarar kai ce. Filawud mai kaurin kwatan inci ba ya tare ko tari, ina zaune wurin jikana ina jin maƙwabcinsa yana buɗe leda. Wasu su ce tsoron ɓarawo ne, kada na wancan ɓangare ya haura. Sai a sa ragar ƙarfe a saman, ko a jera sirara-siraran katako da tazarar yatsa 2. Hannu ba ya shiga, iska na shiga. Kuɗinsa bai fi na cikon da kuke yi ba.

Ku da kuka tasa daga baya ba ku ga 1996 ba, ko kuwa kuna ƙanana. A shekarar nan sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa, a lokacin rani da zafi. Abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta faɗa a rediyo shi ne a rage cunkoso, a buɗe tagogi, a kwana inda iska ke ratsawa. Mun yi jana'iza har mun gaji. In hunturu ya zo kuma wata masifar ce, mutum ya shigar da kaskon gawayi ɗakin da ba shi da mafitar hayaƙi, ya rufe ƙofa, a wayi gari sai dai a ɓalle ƙyaure. Sannan ga risho ko tukunyar gas a jingine da busasshen filawud, ga wayar lantarki an bi da ita ta jikinsa, ga ƙofa guda. Ina tambayar ku tsakani da Allah: a cikinku wa zai yarda ɗansa ya kwana a akwatin da yake ƙera wa 'ya'yan wasu? Kabari ma ana yi masa awo da tausayi.

Ku yi haƙuri, na ɗaga murya. Abin ne ya taɓa ni.

Laifi na biyu ɗan'uwan na farko ne. Yanzu mai aiki ba ya zuwa da magana, da waya yake zuwa. Ya nuna maka hoton da ya gani a Facebook ko Instagram ya ce irin wannan yake so, kai kuma ka ce an gama. Babu mai tambayar a wace ƙasa aka ɗauki hoton. Yawancinsu gidajen Turai ne da Amurka, inda damuwarsu yadda za su tsare ɗumi a ɗaki, ko gidajen masu na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai a kwaso gilashi da roba mai sheƙi da allon dusar katako da aka matse da gam a kafa a ɗakin amarya a Muciya. Ranar jere kowa ya yaba. Damina ɗaya, laimar watan Agusta ta bi ta ƙasa, ko ruwan goge daɓe ya taɓa gindin allon, ya kumbura kamar burodi, fatarsa ta ɗaye, ƙusa ta daina kamawa. Kuɗin uban yarinya sun tafi.

In kallon waje za ku yi, ku kalli masu zafi irin namu. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga tagogin katako masu ƙananan huji, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iskar teku tana shiga. Irinsu na nan a tsohuwar Alƙahira, aikin kafintoci ne irinku. Mutanen Japan da siririn katako da takarda suke raba ɗaki, su ture in sun so fili. Kuma ba sai an je nesa ba. Demas Nwoko a nan Zariya ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, ya shahara da gine-ginen da iska da haske ke shiga da kansu, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta masu zanen gini a birnin Banis na Italiya. Abin da duniya ta yaba masa, kakanninmu sun daɗe suna yi.

Ina tuna ɗakin mahaifiyata. Asabari a ƙofa, in rana ta take sai haske ya shigo layi-layi ya kwanta a kan tabarma. Gado mai rumfa a lungu da labulensa, shi kaɗai ɗaki ne cikin ɗaki. Jeren kwanoni ya tare wani sashe, bayansa nan take ajiye abin da ba ta so a gani. A tsakar gida zana ce ta gamba ta kare madafa. In zafi ya tsananta takan yayyafa wa asabarin ruwa, iskar da ta biyo ta nan ta shigo da sanyi da ƙamshin ciyawa. Yau in ka ce wa matashi asabari ko tufaniya ko tsaiwa, sai ya ce kayan ƙauye ne. Masu saƙa su suna tsufa a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ba mai saye, ba mai koyo. Ban ce a koma jiya ba, ni ma na san gara, na san gobara, na san ƙura. Amma me zai hana ka ɗauki asabari mai kyau, ko tsagin gora, ko tukurwa, ka ɗaure shi cikin firam na katako mai ƙwari, ka shafe da banish, ka haɗa fallaye 3 ko 4 masu naɗewa? Da rana a naɗe a jingine, ɗaki ya koma falo. Da dare a buɗe. Ranar tashi daga gidan haya mai shi ya ɗora abinsa a amalanke, bai huda bangon kowa ba, ba rigima da mai gida. Ɗalibi kuwa kantar littattafai mai buɗe ta gaba da baya ta ishe shi, ga ma'aji ga kariya. Garin da ya yi suna wajen ɗinkin hannu, ga kuma masu rini da masu saƙa, bai kamata a ce labulen raba ɗaki ma sai na leda daga waje ba.

In kuma dole sai allo, to a tsaya a ƙafa 6 da rabi ko 7. A ɗaga gindinsa daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu, tsintsiya ta wuce, ruwa kada ya taɓa shi, iska mai sanyi ta bi ta ƙasa, mai zafi ta fice ta sama. A duba taga kafin a ja layi: in guda ce, a raba ta yadda kowane ɓangare zai samu, in ba zai yiwu ba a gaya wa mai gida gaskiya, ya fasa wata tagar ko ya haƙura da haya guda.

Ƙannena da 'ya'yana, ban rubuta wannan don in rage wa kowa abinci ba. Na ci abinci da sana'ar nan, na aurar da 'ya'ya da ita, ina son ta, ina son masu yin ta. Wanda maganata ta yi wa zafi ya yafe mini. Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinku na Samaru da Sabon Gari, ku tayar da maganar nan a taronku na gaba, ku yi yarjejeniya cewa ba mai sake toshe saman allo a ɗakin da ba shi da taga. Jikana ya warke, alhamdu lillahi. Kafin in baro Hayin Dogo na nemi izinin mai gidan, na ari guduma, na ɓamɓare wancan ciko da hannuna. Irinsa suna nan da yawa a layin, kuma kun san ƙofofin da kuka yi wa aiki. Ku koma ku cire su kafin bazara ta zagayo.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani tsohon kafinta, Samaru, Zariya.