Mai Kallon Tsuntsu Ba Mahaukaci Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutanenmu na Tsiga da Bakori har Funtuwa, wai duk wanda ya shiga kwalekwale da asuba ya kutsa fadama, ba taru ba ƙugiya, sai madubin hangen nesa da ɗan littafi, don kawai ya kalli tsuntsaye, to ko dai ƙoshi ya yi masa yawa, ko kuwa a nema masa magani. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan.

Na san abin da manomi zai ce. Zai ce jan baki ya sha cinye masa dawa, ina ruwansa da tsuntsu? Gaskiya ne, jan baki ɓarawo ne. Amma me shamuwa ta yi masa, ita da fara da tsutsa ne abincinta? Kakanninmu in sun ga shamuwa ta sauka sai su ce damina ta kusa, a gyara gona. To, jama'a, in wannan ba kallon tsuntsu ba ne, mene ne sunansa?

Abin da ya sa ake shiga kwalekwale kuwa, tsuntsun ruwa ba ya yarda da mai tafiya a ƙafa. Amma ɗan jirgi na mutum guda, wanda ake tuƙawa a hankali ba ƙarar inji, yakan kai mutum lungun da dinya da kirinjijiya da zalɓe ke kiwo, har ya ƙidaya su. Ƙidayar nan ita ce aikin. Kowace shekara cikin watan Janairu akan ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, don a san ko sun ƙaru ko sun ragu.

Ku dubi fadamar Haɗeja da Nguru, can gabas da Kano, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi rani. Bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar nan kowace shekara ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya rasa kifi, mai shinkafa ya rasa gona, makiyayi ya rasa ciyawa. Masu ƙidayar tsuntsayen nan da ake yi wa dariya suna cikin waɗanda suka ɗaga murya, har a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta yi alkawarin karewa.

Ga kuma gauraka. A da ba baƙo ba ne a fadamun Arewa, yau kuwa a Nijeriya da ƙyar ake ganinsa. Yaranmu da yawa sunansa kawai suka sani.

Mu ma muna da ruwa. Kogin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa ya taso, ga madatsar Mairuwa a kusa. Ina roƙon malaman makarantunmu su riƙa kai yara bakin ruwan nan, masunta su ɗauki manyansu a jirgi, kowa da littafinsa, a rubuta tsuntsun da aka gani da ranar da aka gan shi. Ɗanƙon harbi kuwa a baro shi a gida.