Rigakafin feshin hanci: Me gwajin farko a Turai da Amurka ke nufi ga Maraɗi?

A ranar 1 ga Yulin 2024 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta sanar da fara gwada wani rigakafin cutar korona da ake fesawa a cikin hanci maimakon a soka allura a dantse. An shirya gwajin ne a kan mutum 60 masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 64, waɗanda duk sun riga sun karɓi allurar korona aƙalla sau uku. A shekarar 2025 kuma asibitin koyarwa na birnin Tours a Faransa ya fara nasa gwajin da wani rigakafin hancin da masu bincike na ƙasar suka haɗa.

Ga uwar da ke tashi da asuba daga wani ƙauyen Jiratawa ko Tibiri don kai jariri lamba, labarin rigakafin da babu allura a cikinsa abin farin ciki ne. Sai dai akwai tazara mai tsawo tsakanin mutum 60 a Amurka da yaron da ke shaƙar ƙurar hunturu a bakin Gulbin Maraɗi, kuma tarihin wannan fanni ya nuna cewa a cikin wannan tazarar ce magunguna da dama suka faɗi.

Abin da gwajin farko yake aunawa

Kafin hukuma ta amince da rigakafi, yakan bi matakai uku a jikin ɗan adam. A matakin farko ana ɗaukar mutane kaɗan, galibi manya masu lafiya da ba su kai ɗari ba, a raba su rukuni-rukuni. Rukunin farko ya karɓi ɗan ƙaramin awo, a jira a ga yadda jikinsu ya karɓe shi, sannan a ƙara wa na biyu. Tambayoyi biyu kawai ake neman amsarsu: shin maganin yana cutarwa, kuma shin garkuwar jiki ta motsa? Likitoci na rubuta duk wani zazzaɓi, ciwon kai, toshewar hanci ko atishawa, suna kuma ɗibar jini da ruwan hanci lokaci-lokaci har tsawon watanni.

Mataki na biyu yakan kai mutane ɗaruruwa, don a daidaita awo da yawan lokutan da za a bayar. Sai a mataki na uku, inda ake shigar da dubbai, ake gano ko maganin yana hana cutar da gaske. Ke nan duk sanarwar da ta ce rigakafi "ya yi nasara" a matakin farko, abin da take nufi shi ne an ba shi izinin ci gaba da jarrabawa.

Me ya sa hanci?

Mura, korona, ƙyanda, tarin shiƙa da sanƙarau duk ta hanci da maƙogwaro suke shiga jiki. Allurar dantse tana gina garkuwa mai ƙarfi a cikin jini, tana kare mutum daga kwanciya asibiti ko rasa rai, amma ba kullum take hana ƙwayar cutar zama a hanci ta tsallaka ga na kusa ba. Fatan masu bincike shi ne feshin hanci ya tada wani nau'in garkuwa da ake kira IgA a fatar cikin hanci, a tare ɓarawo tun daga zaure.

Wannan na da ma'ana ta musamman a Nijar, wadda ke tsakiyar yankin da sanƙarau ke addaba daga Senegal zuwa Habasha. Ƙwayar sanƙarau na iya zama a maƙogwaron mutum lafiyayye ba tare da ya sani ba, yana raba ta ga 'yan gida. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu zuwa bazara su ne ke kawo lokacinta. A 2015 annobar ta kama mutum sama da 8,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 500. Duk maganin da zai rage yaɗuwar cututtukan numfashi tun daga hanci, kuma ba ya buƙatar sirinji ko ƙwararren mai yin allura, zai sauƙaƙa aikin ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Amurka ta amince da feshin mura na FluMist tun 2003, a watan Satumbar 2024 kuma ta yarda manya su riƙa fesa wa kansu a gida. Indiya ta ƙaddamar da iNCOVACC na kamfanin Bharat Biotech a Janairun 2023.

Inda aka yi tuntuɓe

A watan Oktoban 2022 Jami'ar Oxford ta fitar da sakamakon gwajin farko na fesa rigakafin AstraZeneca a hanci. An gwada shi a kan mutum 30 da ba su taɓa karɓar allurar korona ba, da wasu 12 da suka karɓa. Bai cutar da kowa sosai ba, amma 'yan tsiraru ne kawai garkuwar hancinsu ta motsa, kuma garkuwar jininsu ba ta kai ta masu allura ba. Masu binciken da kansu suka ce sakamakon bai kai yadda suka yi fata ba.

Tun kafin nan, a lokacin sanyin 2000 zuwa 2001, ƙasar Suwizalan ta yi amfani da wani feshin mura da aka janye daga kasuwa bayan an gano yana da alaƙa da shanyewar ɓarin fuska. An ɗora zargin a kan wani sinadari da aka zuba don ƙara masa ƙarfi. Illar ba ta fito fili ba sai da jama'a masu yawa suka yi amfani da shi, abin da gwajin mutum 40 ko 60 ba zai taɓa iya hangowa ba.

Darasin da ya fi kusa da Maraɗi daga Senegal ya zo. A 2013 an gwada feshin mura na kamfanin Serum Institute na Indiya a kan yara 1,761 'yan shekara biyu zuwa biyar a yankin Niakhar. Maganin bai cutar da su ba, amma bai kare su ba ko kaɗan. A wannan shekarar dai an gwada shi a Bangladesh, ya rage kamuwa da kusan kashi 57 cikin 100. Magani ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako biyu. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne bambancin nau'in murar da ke yawo a ƙasashen biyu a lokacin.

Maraɗi ta taɓa bin wannan hanya

Jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a harkar gwajin rigakafi. Daga 2014 zuwa 2015 cibiyar Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, ta gwada rigakafin gudawar jarirai mai suna Rotasiil a gundumar Madarunfa, wadda Jiratawa ke cikinta. Ɗigo ne na baki da ake ba jariri sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne jure zafi: yana iya shafe watanni ba tare da firji ba.

Sakamakon da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a watan Maris na 2017 ya ƙunshi jarirai 3,508. Yara 31 ne suka kamu da gudawa mai tsanani a cikin waɗanda suka sha maganin, 87 kuma a cikin waɗanda suka sha ruwan kwatance, wato kariya ta kashi 66.7 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke iya saye. Iyayen ƙauyukan Madarunfa suna da hannu a maganin da yara a ƙasashe da dama ke sha a yau.

Gwajin ya kuma tabbatar da abin da masana suka daɗe da lura da shi: rigakafin da ke bi ta baki yakan yi rauni inda ake fama da tamowa da yawan cututtuka. Wani rigakafin gudawar da ya ba da kariyar kusan kashi 90 a Turai bai kai kashi 50 ba a Malawi. Hanci, kamar hanji, fata ce mai hulɗa da ƙura da ƙwayoyin cuta kullum. Yaron da majina ta toshe masa hanci rabin hunturu, ko wanda tamowa ta raunana, ba lallai jikinsa ya karɓi feshi kamar na ɗan Houston ba. Amsar wannan sai an gwada a wuri irin Maraɗi.

Tabon da bai warke ba

Gwaji kuwa yana buƙatar amana, kuma yankin yana da dalilan taka-tsantsan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɓangaren maganin kwatance. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne, ba rigakafi ba, duk da haka sunansa ya riƙa fitowa a 2003 lokacin da Kano ta dakatar da ɗigon shan inna, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen maƙwabta. Abin da aka faɗa a Kano da safe kan iso Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa kafin magariba.

Tibiri ma tana da nata tabon. Ruwan rijiyar burtsatsen da aka haƙa wa garin a tsakiyar shekarun 1980 ya zo da sinadarin fulorayid fiye da kima, ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama ya ɓata musu haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ba batun magani ba ne, amma mutanen garin sun ga yadda abin da aka kawo da sunan ci gaba ya nakasa 'ya'yansu saboda rashin bibiya.

Tambayoyin da suka dace

Idan wata rana masu bincike suka iso Jiratawa ko Tibiri da kwalaben feshi, ƙin sauraronsu zai bar yankin yana jiran maganin da aka auna a jikin wasu. Karɓa ido rufe kuma zai iya maimaita 1996. Tsakanin biyun akwai tambayoyin da kowane matashi mai karatu zai iya yi a madadin iyayensa. Wane mataki gwajin yake, kuma ina sakamakon matakan baya? Kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da ke Yamai ya amince? An karanta wa uwa takardar yarda da Hausa, an kuma shaida mata cewa tana iya janye ɗanta ba tare da ta rasa kulawar asibiti ba? Wa zai ɗauki nauyi idan yaro ya samu illa? Idan maganin ya yi aiki, yaushe zai iso garin, kuma a kan nawa?

Su ma 'yan ci-rani da ke Legas, Agadas, Aljeriya ko Turai suna da nasu rabon aikin, domin saƙon muryar da ɗa ya turo daga waje yana da nauyi a gida. Kafin a tura labarin cewa an daina allura, ko kuma cewa feshin wata maƙarƙashiya ce, yana da kyau a duba lamba ɗaya a cikin labarin: mutum nawa aka gwada a kansu. Idan 60 ne, akwai sauran shekaru a gaba, kuma allurar ƙyanda da ta sanƙarau da ke cibiyar lafiya ta kusa su ne kariyar da yaro ke da ita a hunturun bana.