Neman Asali A Ƙasar Ayilan: A Yi Tambaya Kafin A Ɗaure Kaya

Yau maganarmu a kan wata al'umma ce ta Turawa wadda hijira ta warwatsa, watau mutanen Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Kowace shekara jikokinsu sukan taso daga Amurka da Kanada da Ostareliya, su ƙetare teku don su ga ƙasar kakanninsu, su sadu da dangin da suka rage. Niyyar tana da kyau, amma da yawa sukan ɓad da dukiya, su komo ba su ga kowa nasu ba. Ra'ayinmu shi ne, neman dangi tun a gida ake cin ƙarfinsa, tafiya sai ta zo daga ƙarshe.

Ga mafarin warwatsuwar. Cikin 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar, aka shiga yunwa har 1852. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, kamar wannan adadi kuma suka shiga jiragen ruwa suka bar ƙasar. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin, har yau kuwa bai koma haka ba. A Amurka kaɗai, fiye da mutum miliyan 30 ne ke danganta kansu da Ayilan.

Manyan mutane ma sun yi wannan ziyara. John Kennedy, Shugaban Amurka, ya je Dunganstown cikin 1963, ya sha shayi da danginsa a gidan da kakan mahaifinsa ya bari. Muhammad Ali ɗan dambe ya je Ennis cikin 2009, garin kakan mahaifiyarsa, Abe Grady. Barack Obama ya je Moneygall cikin 2011, ƙauyen da wani kakansa na wajen uwa ya bari cikin 1850. Amma fa waɗannan masana ne suka share musu hanya. Talaka shi zai yi wa kansa.

Abin da ya sa aikin ke da wuya shi ne gobara. Ran 30 ga Yuni 1922, lokacin yaƙin basasa, gidan ajiyar takardun hukuma da ke Dabilin ya ƙone, takardun ɗaruruwan shekaru suka zama toka, har da yawancin ƙidayar 1821 zuwa 1851. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa hukuma da kanta ta riga ta lalata su. Wannan ya sa waɗansu ke cewa ba abin da ya saura, su yanke ƙauna. Ba haka ba ne. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan, kowa na iya duba su a intanet kyauta. Tun 1864 hukuma ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, waɗannan littattafai kuwa wutar ba ta same su ba. Littattafan majami'un Katolika suna hannun limamansu, su ma sun tsira, cikin 2015 kuma babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa hotunansu a intanet. Akwai kuma littafin kimanta gonaki da gidaje don haraji, wanda Richard Griffith ya shugabanci aikinsa, aka buga tsakanin 1847 da 1864, da sunan mai riƙe da kowane fili.

To, amma duk waɗannan ba su amfanar wanda bai san wurin da zai duba ba. Tsibirin yana da gundumomi 32, an kuma yanyanka shi ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowane da sunansa. Wanda ya zo da sunan Murphy kaɗai, sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar, daidai yake da wanda ya shiga babbar kasuwa yana cigiyar Malam Audu. Saboda haka mataki na farko shi ne tsofaffin gida. A zauna da su tun suna da rai, a tambayi sunan ƙauye da na majami'a, a duba tsofaffin wasiƙu da takardun aure da na zama ɗan ƙasa, da rubutun da ke kan kaburbura a ƙasar da kakan ya sauka. Daga sananne ake tafiya zuwa wanda ba a sani ba, uba bayan uba, ba a tsallake tsani. A lura kuma gundumomi 6 na arewa suna ƙarƙashin Birtaniya, suna da nasu gidan ajiyar takardu a Belfas.

Sa'an nan a guji gaggawa. Malamai sun san nasaba ba ta tabbata da zato. Mutum ya ga suna irin na kakansa da shekara mai kusa, sai ya rungumi zuriyar waɗansu, alhali kama da wane ba ta wane. Sai sunan uwa da na wuri da na shaidun baftisma sun dace kāna a amince. Yanzu akwai gwajin yawu da ke nuna kusancin jini, yana kuwa taimako, amma ba ya faɗin ta wace hanya aka haɗu. Takarda ce ke bayyana wannan.

Babban abin lura shi ne rayayyu. Takardun haihuwa da hukuma ta sa a intanet sai waɗanda suka wuce shekara 100, na aure 75, na mutuwa 50, don kiyaye sirrin mutane. Wanda ke neman dangi masu rai sai ya bi ta hannun limamin majami'ar wurin, ko ƙungiyar tarihi ta gunduma, ko jaridar yankin, ya aika da wasiƙa watanni kafin tafiya, ya faɗi ko shi wane ne, ya bayyana cewa ba gado ya zo nema ba, domin manomi in ya ga baƙo na tambayar gonar kakansa, dole gabansa ya faɗi. In aka amsa, madalla. In aka yi shiru, a yi haƙuri. Akwai gidajen da ke da tsohon miki, musamman na 'ya'yan da aka raba da uwayensu mata a gidajen renon da majami'u suka riƙe. Sai cikin 2022 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan haƙƙin ganin takardun haihuwarsu, aka kuma buɗe rajista inda kowa zai faɗi ko yana son a neme shi ko ba ya so. Wannan ladabi ya kamata kowane mai ziyara ya ɗauka.

Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba. Al'ummar da ta yi hasarar takardunta rana ɗaya ta koya wa duniya cewa tsoho guda da ya tuna sunan ƙauye ya fi akwati cike da zato. Duk mai tsoho a gida, ya ɗauko alƙalami da tawada yau, kada ya bari sai gobe.